Tambayi Mai Gyara: Kwamfutar da ke mutuwa da azahar

Assalamu alaikum. Tun da hunturu ya naɗe tabarmarsa bazara ta kankama, saƙonnin da ke shigo wa wannan fili kusan duk zancensu ɗaya ne: zafi. Na tsinto waɗanda suka shafi kwamfutar tebur mai akwati. Masu laftof su dakace ni zuwa fitowa ta gaba, don ciwon ɗaya ne amma maganin ya sha bamban. Na rage wa wasu tambayoyin tsawo, masu su su yafe ni.

TAMBAYA: Ina da shagon buga takardu a Tudun Wada ta Kaduna, kusa da Poli. Kwamfutar da nake aiki da ita Dell OptiPlex 7010 ce, 'yar tokumbo. Da safe lafiya lau take, amma da zarar an yi azahar sai fankarta ta kama ƙugi, ita kuma ta yi nauyi, wani lokaci ta mutu murus ana tsakiyar buga wa ɗalibi aikinsa. In na ƙyale ta ta huta sai ta tashi garau. Wani ya ce furosesar ce ta gaji, in sayi wata. Haka ne?

AMSA: Malam, mayar da kuɗinka aljihu tukuna. A duk kayan da ke cikin akwatin nan, furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ita ce ta fi nisan kwana. Had-dis, ma'ajiyar bayanai, kan mutu, fawa-fak mai raba wa kayan ciki wuta kan ƙone, fanka kan tsaya, amma da wuya ka ga furosesar da tsufa ya kashe. Abin da ka bayyana ma shaida ce cewa taka da ranta, kare kanta take yi. Akwai ma'aunin zafi a cikinta. Idan zafi ya kusa iyakar da aka yanka mata, wato tsakanin digiri 100 da 105 a ma'aunin Salshiyas ga irin waɗannan na Intel, sai ta rage gudu da kanta don ta sarara. Nauyin da kake ji ke nan. Idan ragewar ba ta wadatar ba, sai ta yanke wuta gaba ɗaya. Mutuwar ke nan.

Kafin ka kwance ko noti ɗaya, ka auna. Wannan ne abin da nake fama da mutane a kansa kullum: a shigo shago a ce min "tana zafi", in ce nawa, sai a ɗora tafin hannu a kan akwati. Hannu ba ma'auni ba ne. Ka sauke manhajar auna zafi, HWMonitor ko Core Temp, duka biyun kyauta ne kuma ba su da nauyi. Ka duba da safe ka rubuta, ka sake dubawa tsakanin ƙarfe biyu da uku na rana ana cikin aiki, ka rubuta. A yanayinmu na Maris da Afrilu, kwamfutar da ke zaune ba ta komai in ta nuna 40 zuwa 55, ba laifi. In tana aiki ta kai 65 zuwa 80, nan ma ba na ɗaga hankalina. Amma a ce aikin Word da CorelDRAW ya kai ta 90 ko fiye, to akwai magana. Da yawa daga cikin irin wannan Dell suna zuwa ne da Core i5-3470, furosesar 2012 mai wat 77, kuma ƙarfen sanyayawar da aka haɗo ta da shi, wanda muke ce wa hitsink, ya ishe ta har da saura, muddin iska na ratsa shi.

To a nan gizo ke saƙar. Kwamfutar da ta kwashe hunturu guda a bakin titi a Tudun Wada, tun daga Nuwamba har Fabrairu, tana shaƙar buji daga safe zuwa dare, ga ƙurar takarda, ga garin tawadar na'urar kwafi, ba sai an faɗa maka abin da ke cikinta ba. Ka kashe ta, ka zare waya daga soket, ka danne maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu don ragowar wuta ta fita. Ka fita da ita waje, ba cikin shago ba. Ka taɓa ƙarfen akwatin da hannu kafin ka taɓa komai a ciki. Sannan ka leƙa tsakanin fanka da haƙarƙarin hitsink. Daga sama za ka ga fanka fes, ka ce ai ba ƙura. Ƙurar tana ƙarƙashi: ja-ja, ta haɗu da zaren tufafi ta dunƙule ta zama fata guda, har kana iya kama gefenta da yatsa biyu ka ɓare ta a ɗaye. Fankar na ta juyawa tana ƙugi, amma iskar ba ta da hanyar wucewa.

Ka sassauta ƙurar da busasshen burushin fenti mai laushi, sannan ka bi da bulawa. Sharaɗi ɗaya da ba na sassauci a kansa: ka tokare fankar da yatsa ko tsinke yayin da kake hurawa. Yara suna jin daɗin su ga bulawa na wulwula fanka tana kuka, alhali gudun da ya wuce ƙima yana cinye gindinta, kuma fankar da aka juya da ƙarfi tana iya turo wuta ta koma kan madabod, wato babban allon da duk kayan ciki ke haɗe a kansa. Masu kai kwamfuta wurin mai faci a hura musu, ku sani iskar tukunyarsa kan zo da ruwa, wani lokaci har da mai. In ba makawa, a fara fesawa a kan takarda a gani, kuma a tsaya nesa-nesa. Fawa-fak kuwa a hura shi ta ramukansa daga waje, kada a buɗe, domin yana riƙe wuta ko bayan an zare waya. Ka haska tocila cikinsa ma: na sha samun tsaka ta bushe a ciki, na kuma taɓa samun zanzaro ya gina ɗakinsa na laka daidai bakin mafitar iskar wata kwamfuta da aka rufe ofis aka bari lokacin hutu.

Shago irin naka, a yi wannan shara duk wata biyu zuwa uku. Kwamfutar gida, sau biyu a shekara ya isa, amma kada ƙarshen hunturu ya wuce ba a yi ba, don daga shi sai zafi.

In ka auna ka ga ba ta wuce 75 ba amma tana mutuwa, to ba zafin furosesa ba ne, ka juya ga wuta. Da rana ne kowa ke kunna esi da firij, ƙarfin wuta ya faɗi. Kuma firinta mai amfani da garin tawada da na'urar kwafi suna fizgar wuta da yawa a duk lokacin da suke ɗumama kansu. In suna kan soket ɗaya da kwamfutar, ko kan ƙaramin janareta, fizgar kaɗai ta isa ta kashe ta. Raba musu layi, ka sa wa kwamfutar UPS, wato akwatin batir mai riƙe mata wuta, ita kaɗai, ka gani. In abin bai daina ba, a gwada wani fawa-fak.

TAMBAYA: Ina haɗa bidiyon biki a Unguwar Rimi. Na tara kuɗi na haɗa kwamfuta mai Ryzen 7 7700X. Duk lokacin da nake fitar da bidiyo sai ta haye digiri 95 ta zauna a nan. Turawan da nake kallo a YouTube ba na ganin tasu tana wahala haka. Zan sayi mai sanyayawa da ruwa, wacce za ka ba ni shawara?

AMSA: Ƙanena, Allah ya sa albarka a sana'a. Ka kwantar da hankalinka game da 95 ɗin nan. Tun da AMD ta fitar da jerin Ryzen 7000 a 2022 ta bayyana cewa haka aka tsara su: furosesar za ta yi ta ƙara gudu har sai ta taɓa 95, sannan ta tsaya a nan tana daidaita kanta. Ko a Turai, da manyan kayan sanyayawa, 7700X kan kai wannan lamba in aka ɗora mata aiki mai nauyi. Abin dubawa shi ne gudun da take riƙewa a wannan zafin. In manhajar aune-aune ta HWiNFO ta nuna tana kusa da gigahaz 5 a kan duk ƙwayoyinta takwas, lafiya take. In ta zube ƙasa sosai, sai mu duba zaman hitsink ɗin.

Sai maganar Turawa. Yawancin masu gwajin nan a ɗaki mai digiri 21 zuwa 23 suke yi. Kai kuwa a Afrilu, in ɗakinka na ƙarƙashin kwano ne kuma taga a rufe, yana iya kai 38 ko 40. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, ruwan ma haka. Aikinsu kawai su kwashe zafi daga furosesa su miƙa wa iskar ɗaki. Mai shayi na iya kwana yana sheƙa shayi tsakanin kofi biyu, zai huce, amma ba zai zama ruwan ƙanƙara ba, iskar wurin ce iyakarsa. Don haka duk digiri ɗaya da ɗaki ya ƙaru, furosesa ma ta ƙaru da kusan ɗaya. Kayan da ya ba Bature 70 a ɗaki mai 22, kai a ɗaki mai 40 kusan 88 zai ba ka, kuma ba cutarka aka yi ba.

Ni dai a garin nan ba na gaggawar tura mutum ga mai ruwa. Tana da famfo, famfo kuwa yana mutuwa, kuma in ya mutu ba ya sallama: fankoki na juyawa, fitilu na walƙiya, zafi na hawa. Ruwan yana raguwa a hankali cikin shekaru. Lagiretonta kuma ramukansa ƙanana ne, ƙurarmu tana toshe su da wuri. In ta lalace, ba abin da za ka shiga kasuwa ka samo gyaransa ba ne a rana ɗaya, ga amarya na jiran bidiyonta. Babban hitsink mai tsayi da bututun jan ƙarfe, irin su DeepCool AK620 ko Thermalright Peerless Assassin 120, zai riƙe furosesarka, kuma abin da zai iya lalacewa a jikinsa fanka ce kawai, mai milimita 120, wadda ake samu ko'ina. Bututun nan ma akwai ɗan ruwa a kulle cikinsu, yana zama tururi a ƙasa ya hau sama ya huce ya dawo, ba famfo ba komai. Ka dai auna faɗin akwatinka kafin ka saya, don suna da tsayi.

Abin da zan fi so ka fara gwadawa kuwa ko sisi ba zai ci maka ba. Shiga BIOS, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ko manhajar Ryzen Master ka kunna Eco Mode. Zai sauko da furosesar daga ajin wat 105 zuwa na 65. Zafi zai faɗi sosai, gudun da za ka rasa kaɗan ne, inbatarka ma za ta gode maka. Sannan ka tuna duk wutar da kwamfuta ta ci, zafi take komawa a cikin ɗakin. Injin da ke jan wat 300 ko 400 da katin hotonsa, a ɗaki rufe, shi da kansa yake dafa iskar da zai shaƙa. Buɗe taga. Manyan ayyuka kuma ka jera su ka sake su bayan isha'i ko da asuba.

TAMBAYA: Daga Rigasa nake. Na cire hitsink don in share, sai na ga wani abu fari ya bushe a kan furosesa, na kankare shi. Abokina ya ce in shafa makilin, wai aikinsu ɗaya. Na shafa, kwana biyu lafiya, yanzu ta fi da zafi.

AMSA: Ɗan'uwa, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ka gaishe min da abokin naka, ka ce ya bar makilin a bakin aikinsa.

Abin da ka kankare man furosesa ne, kuma ga dalilin sa shi. Saman furosesa da gindin hitsink a ido sumul suke, amma akwai ƙananan ramuka da ido ba ya gani. In ka haɗa su haka, iska ce za ta cike ramukan, iska kuwa ba ta iya ɗaukar zafi: jan ƙarfe ya fi ta fiye da sau dubu goma. Man yana korar iskar ne ya zauna a gurbinta. Makilin ya yi maka kwana biyu saboda ruwan da ke cikinsa. Da zafi ya busar da ruwan, sai ya koma gari ya tsattsage, iska ta dawo.

Ka kashe ta yanzu, kada ka ƙara kunnawa sai ka gyara. Ka nemi man gaske, irin su Arctic MX-4 ko Noctua NT-H1, a wurin mai kayan kwamfutar da ka yarda da shi, don jabu ya yi yawa. In ka matsa ka ga ruwa-ruwa ya fara fitowa daban da farin, ajiye shi. Goge tsohon da tsumma mai tsabta marar gashi da sifirit irin wanda masu gyaran waya ke wanke bod da shi. Ban da fetur, ban da tina, ban da kananzir, kuma ban da reza. Ka bari ya bushe. Ka ɗiga man a tsakiya, girman ƙaramar ƙwayar wake, ka saukar da hitsink a kai a miƙe, nauyinsa zai baza shi. Da zarar ya zauna kada ka ɗaga don ka leƙa, in ka ɗaga sai ka goge ka sake. Masu lafta shi da yawa suna ganin sun kyauta, ba su san man bai kai ƙarfe iya ɗaukar zafi ba. Siririn shafi ake so.

Wurin ɗaurewa ne aka fi yin ɓarna. In notuna huɗu ne, ka riƙa ɗaure su a gicciye, kaɗan-kaɗan, wannan kusurwa sannan wadda ke fuskantarta, har su kai. In irin na Intel ne mai ƙafafun roba huɗu da ake dannawa, ka danna biyu masu fuskantar juna tare har ka ji ƙas, sannan sauran biyun, kuma in da hali ka leƙa bayan madabod ka tabbata duka huɗun sun fito. Ƙafa ɗaya da ba ta shiga ba ta isa ta kai furosesa 100 cikin minti guda. In sabon hitsink ne, duba gindinsa, akwai 'yar leda da ake mannawa, a ɓare ta. Ana kawo min sababbin kwamfutoci da ledar a ciki, an shafa mai a kanta tsaf.

Masu furosesar AMD da ke zama a mazaunin da ake kira AM4, ku kunna kwamfuta ta ɗan ɗumama kafin ku cire hitsink, ku murɗa shi hagu da dama a hankali. In kuka fizge shi da sanyi, yana iya tahowa da furosesar manne a gindinsa, ƙafafunta su lanƙwashe.

Ba a canza man nan duk wata. Shekara uku zuwa huɗu, ko duk lokacin da aka ɗaga hitsink. Kuma tsakanin mai kyau da wanda ya fi shi tsada, bambancin bai wuce digiri biyu ko uku ba. Wanda ake kira ruwan ƙarfe kuwa ka nisance shi: yana cin alminiyam, kuma ɗigo ɗaya a kan madabod ya isa ya haɗa wuta.

TAMBAYA: Ni malama ce a wata makarantar sakandare a Kawo, ni ke kula da ɗakin kwamfuta. Muna da guda ashirin. Saboda ƙura na sa tela ya ɗinka wa kowacce riga, akwatunan kuma suna cikin 'yar durowar da ke jikin tebur. Ba mu da esi. Tun da zafi ya shigo, sai mu ga uku ko huɗu sun mutu a darasi ɗaya.

AMSA: Malama, sannu da ƙoƙari. Rigar dabara ce mai kyau, amma ta lokacin barci ce. A cire ta gaba ɗaya kafin a kunna, ba a ɗage gabanta kawai ba, kuma kada a mayar sai kwamfutar ta huce. Na san yara: za su ɗaga daidai wurin maɓalli su danna, sauran ramukan duk a rufe.

Durowar ce babbar matsalarki. Kwamfuta tana jan iska ta gaba ta fitar ta baya. In bayan durowar a toshe yake, iskar da ta fitar ita za ta sake shaƙa, zafi na hawa kan zafi. Ki kira kafinta ya cire katakon baya da ƙofar gaba, ko a fito da akwatunan a ɗora kan tebur. A bar aƙalla taƙi guda tsakanin bayansu da bango. Kada kuma a sauke su ƙasa, don ƙurar da ƙafafu ke tayarwa a nan ta fi yawa. Shara a yi ta da yayyafin ruwa, tun kafin a kunna komai. In da allon alli a ɗakin, a fitar da shi.

Ki lissafa wannan kuma. Kowace kwamfuta da allonta, a ce wat 100. Guda ashirin, wat 2,000 ke nan. Jikin mutum a zaune ma yana fitar da zafi kusan wat 100, to ki ƙara yara arba'in a kai. Fankar sama ba ta fitar da wannan zafi, juya shi kawai take yi. Abin da zai taimaka shi ne iska ta shiga ta wani gefe ta fita ta wani: tagogi masu fuskantar juna a buɗe, ko fankar bango mai zuƙe iska waje. In shugaban makaranta zai yarda a mayar da darasin kwamfuta safiya daga Maris zuwa saukar damina, kin rage rabin wahalar ba da ko kwabo ba.

Ki faɗa masa kuma ba mutuwar cikin darasi ce kaɗai asarar ba. Furosesa tana kare kanta, amma 'yan gwangwanayen nan da ke tsaye a kan madabod da cikin fawa-fak, wato kafasito, ba su da wannan gata. Ƙa'idar da injiniyoyi ke bi ita ce duk ƙarin digiri 10 yana rage musu rabin kwana. In an buɗe don shara, a duba kawunansu: lafiyayye a shafe yake, wanda ya kumbura ko ya yi tsatsa a ka ya gama aiki.

In kina son tace ƙura, yankin gidan sauro a ramukan gaba yana taimakawa, da sharaɗin a riƙa kakkaɓe shi duk mako. Matacin da aka manta da shi ya fi rashinsa illa.

TAMBAYA: Na cire murfin gefe na kafa mata fankar tsaye, zafin ya sauka. In bar ta haka? Wani kuma ya ce in ajiye ƙanƙara a gaban fankar. Daga Kakuri.

AMSA: Malam, gwaji ka yi mai amfani, sai dai ba magani ba ne. In cire murfi ya saukar da zafi da digiri goma ko fiye, akwatin ne ba ya numfashi: ko ba fankar baya, ko wayoyi sun cunkushe hanya, ko an kafa wata fanka a juye. Duba jikin fankar. Gefen da ke da sandunan roba da takardar suna, ta nan iska ke fita. Ta gaba ta shigo da iska, ta baya ta fitar. In masu shigowa sun ɗan fi masu fitarwa ƙarfi ya fi kyau, don ƙura ba za ta riƙa kutsowa ta kowace kafa ba. Ƙananan akwatunan ofis na HP da Dell kuma da yawansu suna da wata roba da ke jagorar iska zuwa kan hitsink. Wasu masu gyara sukan cire ta su yar, wai ba ta da amfani. In taka babu, a nemo.

Barin ta a buɗe gayyatar ƙura ce da kyankyasai da yatsun yara. Ƙanƙara kuwa a'a. Abu mai sanyi yana tara raɓa, raɓa a kan madabod kuwa ƙarshen zance. Na'urar sanyaya iska mai amfani da ruwa tana aiki sosai a Fabrairu da Maris da iska ke bushe, amma ɗakin za ta hura wa, ba cikin kwamfutar ba. Da damina ta sauka kuma a ajiye ta.

TAMBAYA: HP ɗina kullum in na kunna sai ta rubuta "511-CPU Fan not detected", sai na danna F1 take wucewa. Wata uku ke nan. Akwai matsala? Daga wani ɗan fansho a Malali.

AMSA: Baba, akwai. Cewa take ba ta jin motsin fankar furosesa, F1 kuwa cewa ne kun ji kun gani. A kashe a buɗe. Farko a duba wayar fankar, ko ta zare daga mazauninta a kan madabod, don sau da yawa bayan shara ake mantawa a mayar. In tana nan, a juya fankar da yatsa. Lafiyayya za ta wulwula ta tsaya a hankali, wadda ta gaji za ta yi tauri ko ta yi ƙarar gurnani. Ana iya ɓare takardar bayanta, a ɗaga 'yar robar da ke ƙarƙashi, a ɗiga man keken ɗinki ɗigo ɗaya. Ban da man gyaɗa ko manja, suna daskarewa su kama ƙura. Wannan zai ba ku 'yan watanni ne kawai, a nemi wata.

In za a saya, a tafi da tsohuwar a hannu a gwada baki da baki. Mai waya huɗu madabod ne ke juya gudunta gwargwadon zafi, mai waya uku kan iya zama a gudu ɗaya tana damun ku da ƙara. Masu OptiPlex su lura, Dell tana da nata bakin mai rami biyar wanda na kasuwa ba ya shiga sai da mahaɗi. Kada ku yarda a yanke waya a jona fankar kai tsaye da fawa-fak: za ta juya, amma saƙon ba zai daina fitowa ba, kuma ranar da ta tsaya da gaske ba za ku bambance ba.

TAMBAYA: Na share ƙura, na canza mai, amma ko ban buɗe komai ba fanka na gudu, zafi na kan 80. Daga wata ɗaliba a Barnawa.

AMSA: 'Yata, ke ce ba ki buɗe komai ba, amma wani abu ya buɗe kansa. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai fito, ki duba layin CPU, wato furosesa. Kwamfutar da ke hutawa bai kamata ta wuce kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ba. In Windows ce ke sabunta kanta, ki ba ta awa ɗaya ko biyu ta gama. In kuwa wani baƙon suna ne ya riƙe kashi 80 ko 90, ko kika ga lambar ta faɗi da zarar kin buɗe Task Manager ta sake hawa in kin rufe, to ana haƙar kuɗin kirifto da furosesarki da wutarki. Yawanci ta manhajojin sata da ake turawa a filas yake shigowa. Ki sa Windows Security ta yi cikakken bincike, irin wanda take sake kunna kwamfuta ta yi kafin Windows ta tashi. In bai fita ba, ki kwashe takardunki a sake ɗora Windows daga tushe. In kuma layin CPU yana ƙasa amma zafin na nan, ki koma kan hitsink, ƙafa ɗaya ba ta zauna ba.